Baiwar Zalika Mai Ɗori

A shekarun da Annasara suke kafa gada a kan Kwara, tsakanin Gaya da Malanbil, in mutum ya karye a garin Gaya ba a tsayawa shawarar inda za a kai shi. Gidan Zalika ake nufa, can bayan kasuwar kifi, inda wata tsohuwar tsamiya ta jingina da katanga. Masunta, direbobin kamyo, manyan motocin da ke saukowa da gyaɗa daga Doso, har mutanen ƙetare daga Dahome, duk a tabarmarta ake shimfiɗe su.

Ɗori ba gadon gidansu ba ne, kowa ya san haka. Maɗoran gado na garin Tanda suna da tofinsu da sirrin kakanninsu. Ita ba ta da ko ɗaya. Ruwan ɗumi take sa wa a kawo, da man kaɗanya, da karan dawa da ta fere, da tsohon zanen da ta yayyage. Sauran aikin na hannu ne. Takan rufe ido ta bi gaɓa da yatsu kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa, ta ce a riƙe mata nan, a ja can, sai a ji ƙas. Mutane su kaɗa kai su ce baiwa ce.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ƴaƴa biyu suka rayu mata: Mariama, wadda ke aure a unguwarsu gidan wani masunci, da ƙanenta Kabo, ƙaton saurayi mai cin tuwon mutum biyu, wanda bakinsa ba ya rabuwa da fito. Da aka fara ɗaukar leburori a wajen gada, yana cikin na farko da suka rubuta suna.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka shigo da shi a kan ƙyauren katako, mutum huɗu suna ɗauke. Suka ce Alassan, shugaban leburori, shi ya sa shi ya hau sama ya kwance wata igiya, katakon da ya taka ya zame, ya faɗo kan ƙarafan da aka jera a ƙasa. Cinyar dama ta karye. A sharaɓar ƙafar kuma wani ƙarfe ya huda shi, rami ƙarami, ko jini bai yi sosai ba.

"Inna," in ji Kabo, yana haki, "yau dai na kawo miki aiki har gida."

"Rufe baki ka ciji wannan," ta ce, ta tura masa tsumma tsakanin haƙora.

Ta sa maza biyu suka danne ƙugu, ɗaya ya ja diddige, ta bi cinyar da yatsu har ƙashi ya sadu da ɗan'uwansa. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin ta yi ɗori mai kyan wannan ba. Ramin ƙarfen ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta ɗaure tare da sauran.

Washegari Seyni ya zo a kan kekensa. Shi ne ma'aikacin likitar garin, wato asibiti, Bazabarme daga Doso, mutum mai ladabi, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗaga gefen tsumma ya duba.

"Inna, ƙashi naki ne, ban da ja. Amma wannan rami na ƙarfe ne mai tsatsa. A kawo shi likita a yi masa allura."

"Ka kawo allurar nan mana."

"Tana hannun babban likita, ba a fita da ita."

"Cinya ce, Seyni. In aka ɗaga shi kafin kwana goma, aikin ya lalace, ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Bari ta kama tukuna."

Seyni ya dubi Kabo. Kabo ya yi dariya ya ce abin da Inna ta faɗa shi ke nan.

A kwana na takwas ya kasa buɗe baki ya sha kunu. A na tara wuyansa ya sandare, bayansa ya riƙa lanƙwashewa kamar baka duk sa'ad da aka buga turmi a maƙwabta. Aka hana mata daka a unguwar. Aka ɗauke shi zuwa likita a lokacin, aka yi allurar, aka dawo da shi. A kwana na goma sha ɗaya, bayan la'asar, ya cika.

Kafin maza su shigo su yi masa wanka, Zalika ta zauna ta kwance ɗorin, kara bayan kara. Ta ɗora hannu a kan cinyar, ta rufe ido, ta bi ta daga sama har gwiwa. Ƙashin ya kama, miƙe sak. Ta naɗe tsummokaran, ta ɗaure karan wuri ɗaya, ta ajiye su inda take ajiye su kullum, ta fita ta ba maza wuri.

Ba ta yi kuka ba. Mariama ta yi ta birgima a tsakar gida har muryarta ta dushe, mata suka rirriƙe ta. Zalika tana zaune a kan tabarma, tana amsa gaisuwa. A ce ya haƙuri, ta ce da godiya. Wasu suka ce tawakkali ne. Wasu suka koma gefe suna cewa zuciyar mai ja wa mutane karaya dole ta bushe. Ita kanta ta jira kukan, kamar yadda ake jiran jirgi a bakin ruwa, bai zo ba. Aka kawo mata tuwo ta ci, ba ta san ko da gishiri a miyar ba. Da safe ta tashi ta share tsakar gida domin safiya ta yi. In rana ta iso inda take zaune, sai Mariama ta zo ta ce ta matsa inuwa, ta matsa.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai, wata mata ta shigo da ɗiyarta da ta faɗo daga kan jaki, wuyan hannu ya juye. Mariama ta tare ta a bakin ƙofa.

"Ba ki san abin da ya faru a gidan nan ba? Ku tafi Tanda."

"Bar ta ta shigo," in ji Zalika.

Ba ta san dalilin da ya sa ta faɗi haka ba. Yarinyar na ihu, uwar na salati, ita kuwa tana kallon hannuwanta suna aiki kamar na wata. Suka lalubo, suka ja, suka mayar, suka ɗaure. Da aka gama ta wanke su ta ɗora a kan cinya. Uwar yarinyar ta yi ta sa albarka, tana cewa Allah Ya ƙara baiwa. Zalika ta ce amin.

Haka aka ci gaba. Ruwan Kwara ya cika ya fara ja baya, ƙafafun gada suka ƙaru, ana ta kawo karyayyu.

Wajen wata biyu bayan haka Seyni ya dawo, wannan karon da babban likita, wani dogon Bature mai jan wuya, riƙe da ƙaramin littafi da yake rubuta kalmomin mutanen ƙasa a ciki. Ya ji labarinta wurin leburori yana son ya gani da idonsa. Suka tarar an kawo wani masunci da kafaɗarsa ta goce. Malam Gambo, tsohon maƙwabcinta mai karantar da manya bayan azahar, ya biyo su ya zauna a gindin tsamiya.

Baturen ya tsuguna yana kallo. Zalika ta sa diddigenta a hammatar masuncin, ta kama hannun, ta ɗan juya. Kafaɗa ta koma. Masuncin ya ja dogon numfashi ya fara dariyar wanda ciwo ya saki.

Baturen ya yi magana, Seyni ya fassara. "Ya ce wa ya koya miki?"

"Ba kowa."

"Ya ce uwarki ko ubanki sun yi?"

"Ba su yi ba."

"To ya ce ta yaya?"

Masuncin ne ya amsa, yana murza kafaɗa. "Gaya masa baiwa ce."

Baturen ya buɗe littafi. Seyni ya maimaita masa kalmar sannu a hankali don ya rubuta, amma harshen Zabarmanci ya ja masa murya, ta fito da wata ma'ana. Masuncin ya tuntsire da dariya.

"Kai Seyni, ba haka ake faɗa ba. Abin da ka ce yanzu mace ce da aka saya. Saurara." Ya faɗi ɗaya, ya faɗi ɗayar. Seyni ya gwada, ya sake gwadawa, shi dai bai ji bambanci ba. Baturen ma bai ji ba. Ya dubi littafinsa ya ce a yi masa bayanin ta farkon tukuna.

Malam Gambo ya gyara zama. Irin wannan tambaya yake so.

"Gaya masa daga bayarwa take. Akwai gado, abin da ka taras a gidanku, kamar yadda ɗan maƙeri yake tashi cikin ƙira. Akwai koyo, ka je ka durƙusa gaban wani ka sha wuya har ka iya. In ka daɗe kana yi hannu ya faɗa, sai a ce ka ƙware. Wannan duk mutum yana da hannu a ciki. Baiwa kuwa ba ka nema ba, ba ka roƙa ba, ka dai wayi gari da ita. Wani muryarsa ce, wani ya dubi ruwa ya san inda kifi yake. Ba a sayenta a kasuwa, kuma mai ita ba ya iya bar wa ɗansa. Shi ya sa ba a yi wa mai baiwa kirari da ƙoƙari. Wanda Ya bayar ake gode wa."

Seyni ya fassara iyakar abin da ya iya. Baturen ya gyaɗa kai, ya ce su ma a harshensu kyauta suke ce mata. Sa'an nan ya ɗora alƙalami a kan layi na biyu, ya ce ɗayar fa?

Masuncin ya daina dariya, ya shiga neman takalminsa. Duk wanda ya girma a unguwar ya san wace ce uwar Zalika. Malam Gambo ya yi tari ya ce wannan tsohuwar magana ce, ta wuce tun zuwan Annasara.

"Gaya masa ni na san ta," in ji Zalika. Tana goge mai daga yatsunta, ba ta ɗaga kai ba. "Uwata ce. Bibata sunan da aka sa mata a nan, na can ba ta faɗa mana ba. Daga ƙasar Bargu aka kamo ta tana ƙarama. Wanda ya kamo ta bai sayar da ita ba, kyautarta ya yi wa wani falke na garin nan, ita da doki guda. Ina shekara tara na ɗora wa akuyar gidan ƙafa. Matar falken ta ce baiwa ce, ƴaƴanta suka ce ƙwarai, ɗiyar baiwa ai baiwa ce. Aka yi dariya. Uwata ma ta yi."

Ta faɗi wannan duka da murya ɗaya, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Seyni ya fassara a taƙaice, idonsa a ƙasa. Baturen ya tambayi yadda zai rubuta su don a bambanta.

"Ya rubuta guda ɗaya, ta isa," in ji ta. "Ita ba a tambaye ta ba. Ni ma ba a tambaye ni ba. In an kira, a tashi."

"Astagfirullah, Zalika," in ji Malam Gambo. "Ni'ima ce Allah Ya yi miki."

"Ban ce ba ni'ima ba ce, Malam."

Baturen ya rufe littafi, ya yi godiya da Hausar da ya iya, ya fita. Seyni ya tsaya a baya yana juya hularsa a hannu.

"Inna, tun rannan nake son in gaya miki. Allurar nan, ko an yi ta da wuri, wani lokaci ba ta tsarewa."

"Wani lokaci tana tsarewa?"

"E," in ji shi.

"To," ta ce. "Ka gaida gida."

Da zafin bazara aka kawo Alassan. Igiyar ƙarfe ta injin ɗaga kaya ce ta tsinke ta doke shi a damtse, ƙasusuwan biyu na gaban hannu suka karye, fata ta yage. Ya ƙi a kai shi likita don ya ji ana cewa can yanke irin wannan ake yi. Tun rasuwar Kabo bai taka unguwar ba, ko gaisuwa bai zo ba. Mutane sun ce kunya ce ta hana shi, Mariama ta ce rashin imani ne.

Tana gidan a ranar, ta kawo wa uwarta kifi. Da ta ga wanda ake shigowa da shi ta ajiye ƙwarya ta tsaya a ƙofar zaure, hannu biyu a jikin bango.

"Wallahi ba zai shiga ba. Ya hau sama ya kwance igiya mana. Ku mayar da shi inda kuka ɗauko shi."

Masu ɗauke da shi suka tsaya a rana, ba su san abin yi ba. Fuskar Alassan ta yi fari kamar toka.

Zalika ta taso ta tsaya bayan ɗiyarta. Ta dubi mutumin. Ta nemi fushi a cikinta, da gaske ta nema, don ta ga ya kamata a ce akwai shi. Kamar ta zura guga a rijiyar da ta ƙafe. Abin da ta gani kawai shi ne hannun, yadda ya lanƙwashe inda ba gaɓa, kuma yatsunta sun riga sun fara motsi a gefen zanenta.

"Matsa, Mariama."

"Inna!"

"Matsa. Ɗora ruwa a wuta."

Mariama ba ta ɗora ba. Ta ɗauki mayafinta ta fice. Ɗaya daga cikin leburorin ne ya hura wutar.

Aikin ya ɗauki lokaci, don ƙashi biyu ne kuma ɗaya ya tsage. Alassan ya suma sau ɗaya ya farfaɗo. Ta bar wurin raunin a buɗe tsakanin kara biyu, ta ce daga nan su wuce da shi wurin Seyni kai tsaye a yi masa allura, hannu ne ba cinya ba, tafiya ba za ta ɓata shi ba. Da suka ɗaga shi zai fita, ya zame ya durƙusa a gabanta, ya fashe da kuka irin na manyan maza, mai fita da ƙyar.

"Inna, ki yafe mini. Na ga katakon nan yana rawa tun da safe. Na ce a bari sai an tashi a gyara. Ni na ce ya hau."

Leburorin suka sunkuyar da kai. Zalika ta dube shi har ya gama. Ta san akwai abin da ake faɗa a irin wannan wuri, ta kuma san yana jira.

"Na ji," ta ce. "Kar ka bari ruwa ya taɓa shi. Ka dawo bayan kwana bakwai in duba."

Ya dawo bayan kwana bakwai, ya sake dawowa sau uku. Hannun ya warke, sai dai bai ƙara juya tafin sama sosai ba. Bai koma wajen gada ba. Ya tafi Junju wurin danginsa ya kama noma, kuma duk kaka yakan aiko mata da damin gero ta hannun wani direba. Takan sa a zuba wa kaji wani, ta ba Malam Gambo saura.

Mariama ta yi kusan wata guda ba ta shigo gidan ba. Da ta dawo ba ta ta da maganar ba, uwar ma ba ta tayar ba. Ta zauna ta tsefe wa tsohuwar kai ta yi mata kitso, suna jin ƙarar guduma daga bakin ruwa. A lokacin cikinta ya fara fitowa.

Ta haihu farkon sanyi, namiji. Ranar suna gidan mijinta ya cika, an yanka rago, ana ta soya kifi, mata suna guɗa. Zalika ta zo da sabon zane ta zauna a gefen gado. Wata ƴar'uwar mijin ta ɗauko jaririn ta ɗora mata a cinya.

"Ga angonki, Kaka. Ki dube shi da kyau, ko ya yi miki."

Mata suka yi dariya suna jiran ta mayar da wasa. Zalika ta buɗe zanen da aka naɗe shi. Ta rufe ido, ta fara daga kafaɗa. Ta bi ƙashin wuya, ta sauko damatsa, ta lalubi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ta juya ƙugu a hankali, ta miƙe ƙafafun ta haɗa diddige. Jaririn ya yi miƙa, ya kama babban yatsanta ya riƙe.

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce.

Matar ta miƙo hannu za ta karɓe shi. Zalika ba ta ba da shi nan da nan ba. Ta zauna da shi haka, yatsanta a cikin hannunsa, tana kallon bango, har aka leƙo daga waje aka ce wanzami ya iso, a fito da yaro a yi masa aski.